Ranar da Don Eladio Ya Nemi a Kore Shi

Mijin yayata, Don Eladio Mateo, shi ya koya wa Aurelio Pimentel duk abin da ya sani na besbol, wasan dukan ƙwallo da kulki. Haka yake faɗa, kuma ba wanda ya taɓa jin zancen a wani baki ban da nasa. Abin da garin Santa Rufina ya shaida shi ne, suna yara, ranar da Aurelio ya fara riƙe kulkin wasa a filin bayan masana'antar sukari, Eladio na zaune a kan katanga yana shan rake, ya ce masa, "Daki ƙwallon mana." To, koyarwar ke nan. Aurelio ya daka, ya yi ta daka har ƙwallo ta kai shi Amurka. Ya yi wasa har gwiwarsa ta gaji, aka ba shi manaja, ya ɗauki kofi biyu a can, ya dawo gida Dominika hutun sanyi ya ɗauki wani da ƙungiyar babban birni. Malaminsa kuwa yana nan tare da mu yana jan akori-kura.

Akori-kurar ce ma ta ba shi manajan ƙungiyar garinmu, don ita kaɗai ce motar da za ta kwashi 'yan wasa goma sha biyu da kayansu zuwa wani gari kyauta. Ni Isidora, da nake soya ayaba da kifi a bayan rumfar 'yan wasa tun ina budurwa, na daɗe da lura da wani abu, kuma duk garin ya lura. Ranar da motar ta lalace a bakin fili, Eladio ya wuni kwance a ƙarƙashinta da sifana a hannu, ranar muke ci. Ranar da ta kai mu lafiya, ya zauna a rumfa yana ba da umarni, sai dai mu dawo muna zagin alƙalin wasa. Allah ya taimake mu a shekarar nan motar ta tsufa ƙwarai, shi ya sa muka kai wasan ƙarshe. Abin takaicin, a filinmu za a yi wasan, da mutanen Rio Manso, ba inda mota za ta je balle ta lalace.

Ana cikin shiri sai labari ya zo cewa Aurelio ya sauka gidan mahaifiyarsa, kuma zai zo kallo ranar Lahadi. Kafin la'asar labarin ya yi 'ya'ya, wai mataimaki yake nema wanda zai tafi da shi Amurka. Na bi sawun wannan ƙarin har na gano bakin da ya fito, bakin mijin yayata ne. Amma da yamma shi da kansa ya ji labarin wurin masu wasan domino a ƙofar kanti, ya gaskata, ya dawo gida yana haki.

"Fidelina, fara haɗa kaya," ya ce wa yayata. "Yaron nan ya tuna da malaminsa."

"Wane yaro?"

"Aurelio mana. Yara nawa na raina?"

"Ko ɗaya," in ji Fidelina, tana tsintar shinkafa. "'Yarka Yudelka ma ni na raine ta."

Ina gefe ina ɓare ayaba na ce, "Yaya Eladio, in ya ce ka nuna masa abin da ka iya fa? Ko da motar za ka tafi, ka riƙa kwanciya a ƙarƙashinta a can?"

"Ke dai tsaya a kaskonki. Me mai suya ta sani game da sirrin manaja?"

Ya ja kujera ya buɗe mana sirrin. Ya ce shekara da shekaru yana nazarin Aurelio a talabijin ɗin kanti, kuma me ake nunawa kullum? Ba a nuna shi a zaune, ba a nuna shi yana tunani. Ana nuna shi ne ya fito daga rumfa a guje, ya ɗora hancinsa a kan hancin alƙali, ya shuri ƙasa, ya yi jifa da hula, alƙali ya ɗaga hannu ya kore shi, fili ya ɗauki ihu.

"Nan ɗaukaka take," ya ce. "Manajan da ba a taɓa kora ba ɗan kallo ne da ya samu kujerar gaba. Ana korarka jinin yaranka zai tafasa, su ci wasa saboda kai. Ranar Lahadi za a yi mini korar da ba a taɓa yi wa kowa ba a ƙasar nan, a gaban Aurelio. Daga nan sai jirgi."

Ni da Fidelina muka kalli juna. Karo na farko ke nan da ya kawo shawarar da za ta amfani ƙungiya.

"Allah ya sa a kore ka da wuri," in ji yayata, kuma har zuciyarta ta faɗa.

Sai aka shiga atisaye. Ba na 'yan wasa ba, su ya ce sun iya abin da suka iya. Ya ɗora wa durom ɗin ruwa hula a tsakar gida ya ce shi ne alƙali. Kullum da safe sai ya fito daga ɗaki a guje, ya manna hanci a jikin durom yana zazzaga masa ashar. Shurin ƙasa na farko ya sauka a kan zannuwan gadon da maƙwabciyarmu Donya Pura ta shanya. Ta leƙo ta katanga ta wanke shi tas, shi kuma ya tsaya yana sauraro yana gyaɗa kai, har ya roƙe ta ta maimaita masa na ƙarshen, wanda ya shafi kakarsa, don zai yi amfani da shi. Jifan hula ya fi ba shi wuya. Wasu suka maƙale a kan rufin kwano, ɗaya kuma akuya ta riga shi isa wurinta. Ranar da ya gwada shurin durom ɗin kansa, ya manta Fidelina ta cika shi da ruwa. Ya wuni da ƙafa cikin ruwan gishiri yana gaya wa masu dubiya cewa ciwon 'yan wasa ne, kowane babban manaja yana da shi.

Da ƙafar ta sassauta ya ɗingisa kasuwar gwanjo ya sayo wata ƙatuwar rigar sanyi mai gashi a wuya. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma da ita zai shiga fili, Aurelio ya ga a shirye yake.

Ranar Lahadi fili ya cika ya batse. Mutanen Rio Manso sun zo a bayan tirelolin rake da gangunansu, namu sun hau har kan bishiyoyi. Aurelio na zaune a layin gaba kusa da tsohuwarsa, cikin farar riga ba wani ado, yana cin ayabata da hannu kamar kowa. Rana kuwa ta buɗe sosai. Eladio ya shigo cikin rigar sanyinsa, zufa na bin gashin wuyan tana ɗiga, yana ɗaga wa mutanen da ba su gaishe shi ba hannu.

A nan aka samu tangarɗa ta farko. Alƙalin da aka turo daga birni bai iso ba, an ce cikinsa ya ɓaci a hanya. Ɓangarorin biyu suka amince a sa Saturnino mahauci, ƙaton mutum mai sanyin magana wanda ya daɗe yana alƙalancin wasannin ƙauye ba a taɓa kama shi da son kai ba. Kowa ya ji daɗi ban da Eladio, don Saturnino ne ya riƙe Yudelka a coci ranar da aka yi mata baftisma. Tun ranar suka zama kompadre, wato 'yan'uwan baftisma, kuma an san abin da wannan ke nufi a wurinmu: ba zagi, ba ɗaga murya, ba kiran suna gatsau. Mutum ya yi faɗa da ɗan'uwansa ciki ɗaya a ce halin zama ne, amma wanda ya ci mutuncin kompadrensa, tsofaffi sun ce ko a kabari ba zai kwanta daidai ba.

Eladio ya ja shi gefe, dab da kaskona.

"Kompadre, 'yar alfarma nake nema."

"Faɗi, kompadre. Yaya 'yata Yudelka?"

"Tana lafiya. So nake in na zo maka da faɗa, ka kore ni."

Saturnino ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. "Ni? In kori uban 'yar da na riƙe a gaban Allah, kuma a bainar jama'a? Kompadre, ka karya kuwa yau?"

"Wasa ne fa kawai."

"Ba a wasa da wannan. Je ka zauna, ka cire bargon nan kafin ka dahu."

Eladio ya koma rumfa ya gaya wa yara kada su damu, ba ɗan Adam ɗin da zai jure abin da ya tanada.

Aka fara. Da yake hankalinsa na kan neman dalilin faɗa, bai ba kowa umarni ba, sai ga mu a gaba da ci biyu. Temo mai jifanmu yana zuba ƙwallo yadda yake so, Radames na tsugune a bayan mai duka yana cafewa. Matsalar ita ce Saturnino ya ƙi yin kuskure. Eladio ya jira, ya jira, ya ga zagaye na uku zai wuce. Ana nan wani ɗan Rio Manso ya sheƙo daga zango na uku, na ƙarshe, zai shiga gida ya ci, Radames ya tare shi da ƙwallo a hannu, Saturnino ya ce ya mutu, wato ya fita bai ci ba. Hukuncin namu ne, jama'armu na tafi. Sai ga Eladio ya fito a guje yana ɗingishi.

Ya isa, ya ɗora hanci a ƙirjin Saturnino, don iyakar inda hancin ya kai ke nan. Ya buɗe baki zai saki na Donya Pura, sai ya ga fuskar mutumin da ya riƙe masa 'ya, zagin ya ƙi fita.

"Kompadre," ya ce, "da girmanka, wannan hukunci zalunci ne."

"Naku ne fa, kompadre."

"Ko na wane ne. Ban ji daɗin yadda ka faɗe shi ba."

"To ka yi haƙuri, zan gyara murya."

"Kuma, ba don raini ba, ina ganin idonka na bukatar tabarau."

"Na gode da kulawa, zan je a duba ni."

Eladio ya ja baya ya shuri ƙasa, ta rufe takalman Saturnino ruf. Na ga jijiyar wuyan mahauci ta tashi. Ya kalli takalmansa, ya kalli kompadrensa, ya kalli sama. A daidai lokacin Radames ya kasa riƙe dariya, ta kufce masa ta cikin ragar fuska. Saturnino ya juya masa a hankali.

"Kai, me ya ba ka dariya? Fita."

"Ni kuma? Me na yi?"

"Ka yi wa babba dariya. Fita."

An bar jaki ana dukan taiki. Radames ya tuɓe kayansa ya fita yana rantse-rantse, Eladio ya tsaya yana jiran nasa rabon.

"Ni fa, kompadre?"

"Kai je ka sha ruwa."

Wanda ya maye gurbin Radames ba ya iya riƙe jifan Temo, ƙwallo sai wuce shi take tana bugun katanga. Kafin a ankara Rio Manso sun rama biyun. Eladio ya ce wannan ma laifin alƙali ne, ya sake fita. A wannan karon ya fara da jifan hula. Ya wulwula ta da duk ƙarfinsa, ta tashi ta bayansa, ta tsallake rumfa, ta faɗa cikin kaskona tsundum, mai ya fantsama a kan kifin mutane. Na tsamo ta da matsami na ɗaga sama na ce, "Yaya Eladio, a sa mata yaji ko haka za ka ci?" Bai ko waiwayo ba. Ya je ya zauna daɓas a kan farantin gida, inda mai duka ke tsayawa, ya harɗe hannuwa ya ce ba zai tashi ba sai an kore shi.

"Kompadre, ƙasa da zafi," in ji Saturnino. "A kawo maka kujera?"

Epifanio, wanda duk ƙungiyar ba wanda ya kai shi iya dukan ƙwallo, ya ga abin ba na ƙarewa ba ne. Ya zo ya sa hannu a hammatar Eladio zai ɗaga shi. Rigar sanyin ta jiƙe sharkaf, hannun ya zame, gwiwar hannunsa ta zunguri cikin Saturnino.

"Ka taɓa alƙali," in ji Saturnino, muryarsa har da ɗan jin daɗi. "Fita."

"Don Saturnino, taimakonka na zo yi."

"Na gode. Fita."

Nan jama'armu suka fara waƙa, "A kore shi, a kore shi." Eladio ya miƙe yana ɗaga musu hannu biyu, ya ɗauka goyon baya ne. To dama mutanen Rio Manso ba wawaye ba ne, sun daɗe suna jin labarin akori-kura. Suka gane inda aka dosa, suka saki ganguna suna amsawa, "A bar shi, a bar shi." Manajansu ma ya aiko wa Eladio da ruwan kwakwa mai sanyi, da saƙon ya kula da lafiyarsa, kada ya suma a fitar da shi. Eladio ya shanye ya ce ko abokan gaba sun san daraja.

Fidelina ta keta mutane ta isa jikin wayar shingen fili.

"Kompadre Saturnino, ni uwar yarinyar ce, na yafe. Don girman Allah kore shi."

"Komadre, ba zan iya ba."

"Zan shaide ka gaban Fada a coci."

"Ba gaban Fada nake ji ba, komadre. Koma ki zauna."

Haka muka rarrafa har zagayen ƙarshe, Rio Manso na gaba da ci ɗaya, mu ne masu dukan ƙarshe. Sai yaran nan suka yi abin da ya sa na manta da kifin da ke kan wuta. Biyu sun mutu, saura ɗaya wasa ya ƙare, amma uku suka samu shiga, suka cika zanguna ukun. Duka ɗaya mai kyau, kofi ya kwana a Santa Rufina, abin da ban taɓa gani ba tunda na zo duniya. Mai duka na gaba Lino ne, yana bakin rumfa tare da abokin tagwaitakarsa Lalo, yana shafa wa hannu ƙasa.

Kowa na kallon Lino, Eladio na kallon Aurelio. Ya ga ya duba agogo. Ya lissafa cewa in Lino ya daka wasa ya ƙare, kuma ba a kore shi ba. Kafin wani ya riƙe shi ya fita. Ya zagaya bayan Saturnino, ya zare ɗan burushin da ake share faranti da shi daga aljihunsa, ya yi ɗage, ya ɗaga masa ragar fuska ya shiga share masa gashin baki, dama da hagu, a tsanake.

Ganguna suka tsaya. Saturnino na tsaye, idonsa na yawo yana neman wanda zai sauke wa. Cikin shirun nan wata murya ta fito daga bakin rumfarmu.

"Yau ga mahauci na tsoron bunsuru."

Saturnino ya ture burushin ya taka har bakin rumfa. "Wa ya kira kompadrena bunsuru?"

Lino ya nuna Lalo, Lalo ya nuna Lino. Uwarsu ma sai ta duba bayan kunne take rarrabe su.

"Ku fita duka."

Ya dawo yana huci, ya ƙirga 'yan wasanmu da yatsa. "Kompadre, mutum takwas suka rage maka. In ba na tara, wasa ya ƙare, kofi na Rio Manso ne."

Eladio ya bugi ƙirjin rigar sanyi, zufa ta yi tsalle. "Ga na tara."

Ashe duk shekara yana sa sunansa cikin 'yan wasa, wai don tarihi. Wani nishi ya tashi daga ɓangarenmu kamar an taka wa gari duka ƙafa. Donya Pura ta ciro carbinta. Eladio ya zaɓi kulki mafi nauyi, ya nuna Aurelio da shi, ya ce da ƙarfi, "Kalli yadda na koya maka," kulkin ya rinjaye shi ya kusa kifawa.

Epifanio, da ke leƙe ta wajen waya tunda aka kore shi, ya kira shi. "Don Eladio, ji nan. Kada ka daki komai. Tsaya kawai. In ya yi jifa huɗu a karkace za a ba ka zango kyauta, na zango na uku ya shigo gida, mun yi kunnen doki. Ba a son komai daga gare ka sai tsayuwa."

"Ni za ka koya wa besbol?"

"A'a, tsayuwa nake koya maka."

Allah da ikonsa, mai jifan Rio Manso dariya ta ci ƙarfinsa. Yana ɗaga ido ya ga mutum cikin rigar ƙanƙara, ba hula, gashin wuya ya manne masa a kumatu, sai kafaɗunsa su kama rawa. Jifa na farko ya bi ta bayan Eladio. Na biyu ya daki ƙasa tun a rabin hanya. Na uku ya yi sama, sai da mai cafewa ya yi tsalle. Duk ukun Eladio bai ga ko ɗaya ba, da ƙwallo ta taso yake runtse ido ya noƙe wuya cikin gashin riga. Saura ɗaya. Na ce a raina, ashe dai wawa ma da ranarsa, yau mijin yayata zai ceci garin nan ta hanyar da ya fi ƙwarewa, wato rashin yin komai.

Mai jifa ya juya baya, ya share hawaye, ya nutsu. Ya sako ƙwallo a hankali, ta bi tsakiyar faranti sak.

"Mai kyau, ɗaya," in ji Saturnino.

Ba abin tashin hankali ba ne. Sai an yi masa irinta uku zai mutu, mai jifan kuwa har ya fara wata dariyar. Amma Eladio ya riga ya ɗanɗana jarumta, ya ji ana ƙwace masa. A karo na farko duk yinin ya yi fushi na gaskiya.

"Mai kyau? Wannan? Ta kusa cire mini gwiwa."

"Ta tsakiya ta bi, kompadre. Idonka a rufe yake."

"Idona a rufe? A gaban ɗalibina za ka ce idona a rufe?"

Fidelina ta ɗaga murya daga jikin waya. "Baban Yudelka, rufe bakin nan yadda ka rufe idon."

Fili ya kwashe da dariya, har tsohuwar Aurelio. Wannan ya ƙarasa shi. Ya yar da kulki.

"Ni ba ni da kompadre makaho. Da na san haka kake, da na ba mai gadin coci ya riƙe mini yarinya. Daga yau na warware, ba ni ba kai."

Saturnino ya cire ragar fuskarsa a hankali. "Ka warware?"

"Na warware."

"Da bakinka, ba wanda ya tilasta ka?"

"Da bakina, Saturnino."

Mahauci ya juya ga jama'a. "Kun ji?"

"Mun ji," in ji mutanen Rio Manso baki ɗaya.

"Ba mu ji ba," in ji namu. "Ba mu ji komai ba, hayaniya ta yi yawa." Temo, da ke tsaye a zango na uku, ya haɗa hannu biyu yana roƙo. Donya Pura ta rantse cewa Eladio zazzaɓi ke damunsa tun yana yaro, ba a kama shi da magana.

Saturnino ya miƙa wa mai cafewa ragar ya riƙe masa. Ya naɗe hannun riga. Ya ja da baya, ya taho da ɗan gudu, ya wulwula hannun nan da ke sara ƙashin sa, ya nuna ƙofar fili da ƙarfin da ya juya shi kansa sau ɗaya a kan dunduniya.

"Fita!"

Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin kora mai kyan wannan ba, ko a talabijin. Ya gyara riga, ya sauke numfashi kamar wanda aka cire wa ƙaya, ya ce, "Takwas. Wasa ya ƙare."

Gangunan Rio Manso suka ɓarke. Yaranmu uku suna tsaye a zangunansu sun kasa motsi, daga baya Temo ya zauna a kan nasa ya sa kai a gwiwa yana kuka. Ni ma na yi kukan, ba zan ɓoye ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don yaran nan sun sare rake duk mako sun zo sun yi wasa da zuciya ɗaya, kuma duka ɗaya ya rage tsakaninsu da abin da iyayensu ba su samu ba.

Shi kuwa gogan, abin nema ya samu. Ya laluba kai zai yi jifa da hula ya tuna tana wurina, sai ya tuɓe rigar sanyin ya maka ta da ƙasa, ya shuri ƙura da lafiyayyar ƙafar, ya taka yana buɗa kafaɗa har gaban Aurelio.

"Ka gani, yarona?"

Aurelio na goge ido da hankici. "Na gani, Don Eladio. Na daɗe a wasan nan, ban taɓa ganin manajan da ya cinye ƙungiyarsa da hannun alƙali ba."

"Sawunka na bi. Kai ma ai da kora ka yi suna."

"Ni sai wasa ya riga ya lalace nake neman kora, don in riga yara shiga wanka."

Eladio ya yi dariya ya daki kafaɗarsa, irin ta manya sun fahimci juna. "To yaushe za mu tashi? Kayana a haɗe suke."

Aurelio ya kalli tsohuwarsa, ta kau da kai. Ya ce, "Aiki kam zan nema maka, da gaske nake. Amma ba a ƙungiyata ba."

"A wacce?"

"Duk wadda za ta kara da tawa."

Waɗanda ke kusa suka fashe da dariya, ta bi layi-layi har kan bishiyoyi. Eladio ya juyo wurin yayata fuskarsa na sheƙi.

"Kin ji ko, Fidelina? Ni ina neman ƙungiya ɗaya, shi yana maganar Amurka gaba ɗaya."

"Na ji," in ji Fidelina, tana kallon mutanen Santa Rufina da suka tare ƙofar fili, kowa da guntun rake a hannu. "Fara isa gida tukuna."